Huffin Surukina a Hanyar Gat

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya shimfiɗa ƙasa ya ba bawa ƙafar taka ta, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu. Bayan haka, ni baduku ne ɗan baduku, mutumin Maska. Wannan labarin tafiyar da na yi arewa ne tare da surukina, Malam Haruna na Dayi. Na rubuta shi domin jikokinsa su san inda kakansu ya tsaya.

Wani Balaraben Gadamas da ake kira Sidi Ali, mai sayen jar fata a Katsina, shi ya ga aikin Malam Haruna ya yaba. Ya ce a Tarabulus ana neman irin wannan hannu, zai ba shi raƙumin hawa har can, ya yi aiki na ɗan lokaci, daga nan ya shiga jirgin ruwa zuwa Makka. Tsoho da ya ji Makka bai ƙara jin sauran magana ba. Mai ɗakina, wadda ita ce 'yarsa ta fari, ta ce da ni, "Ba ni da bakin hana shi. Amma ka bi shi, ka dawo mini da shi." Na ce to.

A gida zama da suruki abu ne mai sauƙi. Ka je Dayi, ka tuɓe takalmi tun daga nesa, ka durƙusa ka gaishe shi kana kallon ƙasa, ka tashi. A cikin ayari kuwa babu zauren da za ka koma. Ba ma cin abinci a ƙwarya ɗaya, ba na shimfiɗa kusa da tasa, ba na kallon fuskarsa. In muna tafiya ina bayansa da ɗan rata. Allah ya haɗa mu da wani Banufe falke mai suna Ndagi, mai sayar da kwalli da duwatsun ado na tsakiya, kuma kowa ya san wasan da ke tsakanin Nufawa da Katsinawa. Shi ya zama bakinmu. Ina tsaye a wurin, surukina, wanda nake kira Baba, zai ce, "Ndagi, gaya wa wancan ya duba salkar ruwa." Ndagi ya juyo ya ce, "Kai wancan, ka ji shugaban bayina ya yi magana."

Kafin mu tashi Baba ya ɗinka wa kansa huffi, na jar fatar akuya da aka jeme da bagaruwa aka rina da karan dafi, tafinsa na kirgi, tsawonsa har ƙwauri. Ya yi shi yadda dukawan ƙasarmu ke yi, rufe ruf, ba tsaga ba maɗauri, kuma a matse. Mu haka muka gada, domin a wajenmu raɓa da laimar ƙasa suna sa fata ta saki, wanda ya ɗinka huffi daidai ƙafa, kafin kaka ta zagayo zai riƙa zamewa. Kuma don hawa ya yi shi, ba don taka ƙasa ba. Ni takalmin fade na sa, buɗaɗɗe, irin na kowa.

Daga Katsina zuwa Tasawa, har muka ratsa Damargu, ba mu ga abin ƙi ba. Baba yana bisa raƙumi yana jan casbi, akwai gero, akwai nono wurin Fulani, in ka yi sallama a amsa maka da harshenka.

A Agadas wahala ta fara. Ranar tashi muka tarar an ɗaure wa raƙumin Baba tulin fatu. Sidi Ali ya zo yana murza hannu, ya ce, "Malam, raƙumi ɗaya ya mutu mini. Kaya ba su da ƙafa, kai kana da ita. In mun kai Gat sai in samo maka wani."

Ndagi ya ce, "Ikon Allah. Raƙumin da ya mutu na gan shi ɗazu a kasuwa, wani Buzu na duba haƙoransa."

Sidi Ali ya yi kamar bai ji Hausa ba, ya wuce. Ni zuciyata ta tafasa, amma ba ni da ikon ɗaga murya a gaban suruki. Baba ya ce, "Bari, Ndagi. Alƙawarinsa ne, shi zai ɗauke shi a ka ranar da babu raƙumi." Ya gyara rawani, ya kama hanya a ƙasa.

Ƙasar Azbin duwatsu ce baƙaƙe masu kaifi. Da rana su ɗauki zafi kamar tanda, da asuba ruwan salka ya yi sanyin da haƙori ba ya so. Babu raɓa ko ɗigo. Fatar da ke jakata na ga tana bushewa tana ƙanƙancewa, ta zama kamar ganyen kuka da aka shanya. Ƙafafuna suka yi faso, suka kumbura har na ƙara wa fade tsawon maɗauri. Sai na ce a raina, in tawa da ke shan iska ta yi haka, ina ga wadda ke rufe?

Da yake ina bayansa, sawunsa nake karantawa duk inda muka sami rairayi. Da farko biyu ne cikakku. Daga baya na dama ya cika, na hagu sai diddige da ɗan ja. Na ja Ndagi gefe na gaya masa. Da muka sauka ya je ya zauna kusa da Baba, ina nesa ina jin su.

"Bakatsine, tuɓe takalmin nan mu ga abin da ka ɓoye. Ko zinariya ce?"

"Banufe, me ka sani game da fata? Ku da aka haifa cikin kwalekwale."

"Na san ɗingishi in na gan shi. Kana tafiya kamar agwagwar da aka taka."

"Sabo ne, zai saki. Na ɗinka huffi tun uwarka ba ta yaye ka ba, ban taɓa ganin wanda bai saki ba."

"A Dayi ke nan. Nan ko zuciyar mutane ba ta saki, balle fatar akuya."

Baba ya yi dariya, amma bai tuɓe ba. Kuma ba abin da zai tilasta shi. Inda babu ruwa taimama muke yi, inda muka sami rijiya ya yi alwala ya shafa a kan huffi, kamar yadda shari'a ta yardar wa wanda ya sa shi da tsarki, kuma malamanmu ba su yanka wa shafar wa'adi ba. Ndagi ya ce mini, "Ba taurin kai kaɗai ba ne. Ya san in ya cire ba zai koma ba, kuma ba ya so mijin 'yarsa ya gan shi ana dafa shi." Na ajiye fadena kusa da buzun sallar Baba na tafi. Aka dawo mini da su, da saƙo cewa a gaya wa mai su kada ya riƙa yar da takalmi a hanya. Abin da na iya yi shi ne na ɗauke jakar kayan aikinsa na haɗa da tawa. Bai tambaya ba, ban faɗa ba.

A wannan tsakani ne kewar gida ta kama ni. Abincinmu garin gero ne da dabino a dama da ruwa mai ɗoyin salka. Ina haɗiya ina tuna tuwon dawa da miyar kuka mai daddawa, da ƙarar masaƙa a unguwarmu da hantsi, da yadda gonar auduga ke fari bayan damina. Ba na son in tuna mai ɗakina, domin duk lokacin da na tuna ta maganarta nake ji.

Akwai wani Buzu cikin masu jan raƙuma, ban san sunansa ba, ban taɓa ganin abin da ya wuce idanunsa ba. In Sidi Ali ya yi gaba sai ya durƙusar da raƙumi ɗaya, ya nuna wa Baba saman kaya da haɓa. In ya hango Balaraben na dawowa ya sauke shi. Bai taɓa neman ko dabino ɗaya ba. Allah ya san shi.

Mun kusa Gat, a wata rijiya, muna sallar azahar, Baba ya yi sujada bai ɗago ba. Da aka sallame muka kwantar da shi, jikinsa zafi kamar garwashi. Ndagi ya ja huffin hagu, ya ƙi motsi, ƙafa ta cika shi tam. Ya dube ni, ba wasa a fuskarsa, ya ce, "Kai ne baduku. Yanka."

Tun da na auri 'yar Baba ban taɓa taɓa ko gefen rigarsa ba. Na fito da aska, na riƙe ƙwaurinsa. Sai na ji muryarsa ƙasa ƙasa yana cewa, "Ndagi, gaya masa ya bi ɗinki, kada ya ɓata fatar." Na bi ɗinki. Da huffin ya buɗe, mutanen da ke kusa suka ja da baya saboda wari. Wani tsinin dutse ne ya huda tafin ya shige, ya zauna ƙarƙashin yatsu. Ƙananan yatsu biyu sun yi baƙi. Baba ya ja bakin rawaninsa ya rufe fuska, haka ya zauna har na gama wankewa.

A kan raƙumin Buzun nan muka shiga Gat. Sidi Ali ya leƙo ɗakin da muka sauka, ya tsaya daga bakin ƙofa ya ce ayari ba ya jiran ƙafa ɗaya. Jakunkuna da kuben takobi da muka ɗinko tun daga gida don mu nuna a Tarabulus, ya ce sun tafi a bakin abinci da ruwan da muka sha. Ba mu da wanda za mu kai wa ƙara da harshen da zai ji. Ndagi ya tsaya har wani wanzamin garin ya cire yatsun biyu ya yi wa wurin lalas da ƙarfe, Ndagin ne ya danne kafaɗun Baba. Amma kayansa na cikin ayarin, dole ya bi. Da zai tafi ya ce, "Bakatsine, kada ka mutu sai na dawo, ban gama zaginka ba." Baba ya ce, "Tafi, bawan banza. Allah ya kiyaye hanya." Ban sake ganin Ndagi ba. Daga ranar muka rasa mai kai magana tsakaninmu, ɗaki ɗaya, mu biyu, sai shiru.

Wata rana ina kasuwa ina fama da mai sayar da man shanu, da hannu da ka, na yi tsaki na ce, "Wannan gari." Sai na ji an ce a bayana, "Ɗan uwa, daga ina?" Wata tsohuwa ce cikin baƙin mayafi. Na ce Maska. Ta zauna a ƙasa nan take. Ta ce a nan Mabaruka ake ce mata, amma uwarta Tabawa ta sa mata. Iyayenta Maguzawa ne na wani ƙauye kusa da Dayi, an kama ta tana yarinya ta je ɗiban ɗorawa. Ta musulunta, an 'yanta ta, ta auri wani mai gyaran takalma. Da ta ji akwai mutumin Dayi kwance, a ranar ta sa aka ɗauko shi zuwa gidansu. Ta dama masa kunun tsamiya, ta zauna tana tambayarsa ko har yanzu ana gayya da kiɗa, ko rimin bakin kasuwa na nan. Wasu abubuwan da ta tambaya sun daɗe da ɓacewa, amma Baba ya ce mata duk suna nan.

Mijinta, Usta Rajab, tsoho ne mutumin Tarabulus, ya yi ƙuruciyarsa yana gyara wa sojan Turkawa takalma. Hannunsa ya fara rawa, sai ya ba ni aiki a rumfarsa a bakin ci da kwananmu. Miki ya warke a hankali, amma ƙafar ba ta koma daidai ba. Da safe ta saɓe, kafin la'asar ta kumbura kamar an hura. Gwiwar kuma ta sage, ba ta lanƙwasuwa, hannun Baba ba ya kai wa ƙafar. Fade ba ya zama saboda babu yatsun riƙe shi, ga yashi na shiga tabon. Huffi irin namu kuwa, wanda ya shiga da safe zai kashe shi da yamma.

Usta Rajab ya kawo wani takalmi ya ajiye gaban Baba, Tabawa na fassara. An tsaga shi ta gaba tun daga bayan yatsu har sama. A gefe da gefen tsagar an jera ƙananan zobban tagulla, kowanne an dasa shi cikin fata an buga bakinsa ya kwanta, don kada igiya ta yaga ramin. Can sama kuma ƙugiyoyi ne maimakon zobba. Igiyar fata ɗaya ke bi ta ciki tana gittawa, ka ja ya matse, ka sassauta ya buɗe.

Baba ya juya shi ya ce, "Gaya masa wannan ba huffi ba ne. Abin da aka tsaga haka ba a shafa a kansa. Ni kuma ba zan iya wanke ƙafar nan kowace salla ba."

Usta bai yi gardama ba. Ya buɗe tsagar ya nuna wata fata mai laushi da ke ƙarƙashi, wadda suke kira harshe, an ɗinke ta da gefe biyu har sama. Ya ɗaure igiya, ya ɗebo yashi ya zuba a kai, ya kwance, ya kife takalmin. Ko ƙwaya ba ta faɗo ba. Tabawa ta ce, "Ya ce ƙafa a rufe take ko an sassauta, kuma limamin unguwar nan irinsa yake sawa, a kansa yake shafa." Baba ya daɗe yana bin ɗinkin da farce. Can ya ce, "Ɗinkinsa na mai sauri ne. Amma dabarar ta kai. Wannan na farkon kada ki fassara."

Usta ya ce ba a auna irin wannan ƙafa da safe, sai da la'asar lokacin da ta kai iyakar girmanta, igiya ita za ta cike ragowar. Kuma shi hannunsa ba ya tsayawa, ni zan auna. Na tsaya ina kallon ƙasa. Baba ya miƙo ƙafar bisa buzu, ya juya fuska wajen bango, ya shiga ba Tabawa labarin wata rigimar iyakar gona da aka yi a Dayi. Na zagaya tafin da gawayi, na auna da zare a wuyan ƙafa da bisa tabon da ƙwauri. Da jar fatar tsohon huffinsa na yi saman, da yake askata ta bi ɗinki. Na sa harshe na fatar ɗan akuya, na cusa ulu inda yatsun suka ɓace. Usta ya koya mini dasa zobba, na ɓata da yawa kafin hannuna ya gane nauyin bugun. Ya kuma nuna mini yadda ake tsallake zobban da ke bisa tabon, igiya ta bi gefe ta wuce, wurin ya huta.

Ranar da Baba ya sa shi ya tashi da sanda, ya taka har masallacin unguwa. Tun daga nan aikina ne, da asuba in durƙusa in ɗaure, da azahar in sassauta, da la'asar in ƙara sassautawa. Ba ya kallona, ba na kallonsa. In na ja da yawa sai ya yi gyaran murya.

Na fara sa rai. Da aka soma maganar ayarin da zai yi kudu, na ce wa Tabawa ta gaya masa mu gwada ƙafar. Muka fita bayan gari wajen gonakin dabino. Kafin mu kai, na sassauta igiya har ta ƙare, ƙafa na ƙara cika, tabon ya tsage yana ruwa. A bayana na goyo shi zuwa gida. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Na je wurin madugu na roƙe shi, ya ce ni zai ɗauke ni in ja raƙuma, amma ba ya ɗaukar wanda zai haƙa wa rami a hanya. Wanzamin ma ya ce ko a kan raƙumi ne, ƙafar da ke reto yini guda ba za ta kai Agadas ba. Na ce to, na zauna, sai wata shekara.

Da yamma ina kwance masa igiya, Tabawa ba ta nan, sai na ji ya ce, "Isa." Ban taɓa jin sunana a bakinsa ba. Ya ce, "Zauna sosai, ba durƙuso ba. Ka bi ayarin nan."

Na ce, "Baba, na yi alƙawari."

"Da wa? Da 'yata. Ni na haife ta, na warware. Wata shekarar ƙafar nan ba za ta tsiro da yatsu ba. Kana da yara, kana da gona, damina biyu ke nan wani ke yi maka noma. Ni ga aiki a rumfar mutumin nan, zan gyara masa ɗinkinsa. In Allah ya nufa in ga Makka, daga nan ya fi kusa."

Na ce, "Wa zai riƙa ɗaure maka igiyar?"

Ya ce, "Usta ya ce zai yi. Ka gaya mata ina zuwa masallaci da ƙafata. Kada ka ƙara, kada ka rage." Sa'an nan ya ce, "Zobban nan ka dasa su daidai."

Ranar tashi na ɗaure masa da asuba, na yanka igiyoyi sababbi na shafe su da kitse na rataye a inda za a gani. Ya rako ni har bakin rumfa, ya yi mini addu'a. Da na waiwaya daga ƙarshen lungu ya riga ya zauna, ya sunkuya bisa wata fata.

Komowa ba ni da abin faɗa a kanta, na ja raƙuman wasu har Katsina, na ƙarasa Maska a ƙasa. Mai ɗakina ta kawo mini ruwa, ta dubi bayana, ta ga ba kowa. Ta bari har na sha. Na gaya mata kome, na ƙare da saƙonsa yadda ya ba ni. Ba ta yi kuka ba a lokacin. Ta ce, "Ka ce hannunsa ba ya kai wa ƙafar?"

Na ce, "Ba ya kai."

"Shi wannan Usta, ka ce tsoho ne, hannunsa na rawa."

Na ce, "Haka ne."

Ta ce, "To in shi ma ya kasa fa?"

Ta ɗauki ƙwaryar ta shiga ɗaki.

Shekara da shekaru duk wanda na ji ya sauko daga arewa sai na je Katsina na tambaye shi. Wani ya ce ya ga tsoho Bahaushe mai ɗingishi a wata rumfa, wani ya ce rumfar ta zama ta mai sayar da gishiri. Ba wanda ya zo da magana tabbatacciya. Har mai ɗakina ta rasu ba ta yarda an yi sadakar ubanta ba, ta ce ba a yi wa mai rai. Ni ma ban san wace addu'a ta dace da shi ba a wancan lokaci, yanzu kam shekaru sun yanke hukunci, Allah ya jiƙansa ya jiƙanta. Wanda kuma ya durƙusa ya ɗaure masa igiyar nan bayan tafiyata, ko wane ne, ko sau ɗaya ne, Allah ya saka masa da Aljanna.